Taki Talatin da Biyar Zuwa Benen Papa

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ɗari uku da arba'in da biyar. Sau uku ina aunawa, sau uku tef yana ba ni wannan lambar. A zanen da na yi wa Papa da kaina, daga ƙasan falo zuwa saman dekin benen santimita ɗari uku ne cif, matakala mai taki goma sha takwas. To, arba'in da biyar ɗin nan daga gidan uban wa ta fito?

Na tsare Oga Linus, magininmu, a gindin mangwaro. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ada, je ki tambayi mai gida."

Mai gidan yana tsohon gida, kwance a doguwar kujera da zane a ƙugu. Ko musu bai yi ba. Shi ya sa aka ƙara layi biyu na bulo bara, ina can wurin aiki a Enugu. Dalili kuwa benen yayansa, Dede Okwudili, da ke tsallaken katanga.

"Shekara talatin yana leƙo ni daga sama," in ji Papa. "Layi biyu ne zai kashe ki?"

Shekara goma sha tara ana ginin nan. An buga kwano, an yi shafe, matakala kaɗai ta rage. Tsanin katako leburori ke hawa, kuma tun kafin a zuba dekin ƙafar Papa ta daina yarda da tsani, don haka bai taɓa taka saman gidansa ba. Abu ɗaya yake so: ya hau da ƙafarsa, ya zauna a barandarsa kafin Ista. Bai san abin da likitan Awka ya gaya mini a bakin ƙofa ba. Ko kuma ya sani. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na buɗe kwamfuta na sa sabuwar lambar a manhajar zane. Taki sha takwas ɗin, tsayin kowanne ya koma santimita sha tara da ɗigo biyu, akwatin lissafi ya yi ja wur. Oga Linus ya leƙo ta kafaɗata ya ce a yi taki ashirin kawai, tsayin kowanne sha bakwai da 'yan kai. Kwana shida na katako da rodi, a zuba, sati guda ya sha iska, ranar sha bakwai ga wata Papa ya hau.

Na ce mutumin da ke jan ƙafa ba zai ɗaga sha bakwai ba. Ya ce, "Ai sai a kama masa hannu." Na ce aikinsa kwaɓa siminti, ya bar mini lissafi.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Larabar Toka. Na dawo daga coci da tokar a goshina na ɗebo guntayen katako a wurin kafinta, kaurin kowanne santimita biyu da rabi. Na jera su a barandar tsohon gida, ɗaya kan ɗaya.

"Jarrabawa za ki yi mini?" in ji Papa. "Nawa ne makin ci?"

Katako bakwai sun gagare shi, babban yatsa ya tokare. Shida kuwa ya taka, ya ɗago ɗaya ƙafar, ya tsaya a kai yana kallona kamar wanda ya ci zaɓe. Shida dai sha biyar ke nan. Na raba ɗari uku da arba'in da biyar da sha biyar, ta ba ni taki ashirin da uku, babu ko ɗigo. Ja ya koma kore. Wurin da aka bari don matakalar sha takwas kawai yake ɗauka, sauran biyar ɗin za su shigo falo kaɗan, ba wani abu ba ne.

Na ji daɗi yau, ba zan ɓoye ba. Ya ci gasasshiyar doya da manja, yanka biyu da rabi.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Jiya na bugo zanen a Awka, yana cikin jakata. Da safe na ce bari in sake gwada shi sau ɗaya, don tabbatarwa kawai.

Ya taka shidan, amma sai da ya dafa kafaɗata, kuma na ji nauyin nan har a ƙashin bayana. Kwana uku kacal tsakani. Idan haka take a kwana uku, yaya za ta kasance nan da sati biyu, ranar da kankaren zai bushe? In zuba masa abin da zai tsaya a gindinsa yana kallo?

Oga Linus ya zo karɓar takarda, na ce akwai ɗan gyara.

"Wane gyara kuma? Katako na nan, rodi na nan, kafinta na nan zaune yana ƙirga kajin gidanku."

Na ce Litinin.

Litinin, 10 ga Maris, da hantsi

Gobe zan ba shi zanen.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Katako biyar.

Sha biyu da rabi ke nan, taki ashirin da takwas. Guda goma a cikin falo. Wuni na yi ina jan su da linzamin kwamfuta, in kwantar da su jikin bango, in lanƙwasa su, in mayar. Duk inda na ajiye su sai sun ci wani abu, ko taga ko ƙofar ɗakin cin abinci. Na ƙara faɗin kowane taki zuwa talatin don ƙafa biyu da sanda su samu wuri.

Dede Okwudili ya shigo da goro da jarkar bammi, wai ya zo duba ƙaninsa. Suka gaisa kamar masu cinikin fili. Da Papa ya lumshe ido, Dede ya matso kusa da ni, ya daɗe yana kallon allon kwamfutar.

"Nan falo ne?"

Na ce e.

"'Yata, kada ki cinye shi. Ki bar wurin gado a tsakiya, da hanyar da mutane za su zagaya su fita."

Na ce, "Wane irin gado a falo, Dede? Ɗakunan kwana suna sama."

Ya dube ni, ni ma na dube shi. Na rufe kwamfutar da ƙarfi har sai da kaza ta tashi. Tsohon banza, ana ta neman yadda mutum zai hau, shi yana lissafin wani abu daban.

Yana fita Papa ya buɗe ido ɗaya. "Ya ɗaga kai ya kalli ginin?"

Na ce ya kalla.

"Madalla. Wuyansa ya yi ciwo."

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Ƙanena Somadina ya iso daga Onitsha, hannunsa duk baƙin man kayan mota, bakinsa cike da shawara. Wai a ɗaure Papa a kujerar roba, ƙarti huɗu su ja shi sama da igiya, minti biyar an gama. A gaban Papa ya faɗa, sakarai.

Ban san akwai sauran irin wannan muryar a ƙirjin Papa ba. "Ni buhun siminti ne? Gidan da na gina da gumina, a jawo ni ciki da igiya, Okwudili yana kallo ta taga? A kama mini hannu, na yarda. Amma duk wanda ya ɗaga ƙafata daga ƙasa ba ɗana ba ne."

Bayan haka ya yi ta tari har na tsorata.

A waje Somadina ya tare ni. "Ke kuma me kike jira? Sati biyu kina danne-danne."

Na ce ya je ya danna shi mana, tunda abin wasa ne. Ya ce shi bai yi jami'a ba amma ya san kwanan wata. Na ce ya koma wurin ƙarafansa. Ya koma ɗin, ko abinci bai ci ba.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na ba Oga Linus zanen ashirin da takwas. Kafinta ya fara buga katako.

Akuyar maƙwabta ta shigo ta hau kan ganyen ugu, ganyen miyar da Papa ya shuka. Kafin in fito daga kicin ya ɗauki sanda, ya taka har bakin get shi kaɗai, yana zagin akuyar da masu ita har kakanninsu. Ya dawo da ƙafarsa ya zauna yana haki yana dariya.

Oga Linus yana tsaye da guduma a hannu yana kallonsa. Ya juyo ya kalle ni. Yau sha bakwai ga wata, na sani, ba sai an tuna mini ba.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Awka, tun safe. A asibiti sun sake zuƙe ruwan da ke taruwa masa a jiki. Likita ya ce in biyo shi waje, na ce ina sauri.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Huɗu. Da ƙyar.

Na je na ce wa kafinta ya dakata.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Goma ke nan. Taki talatin da biyar, sha bakwai a cikin falo. Manhajar ta sake yin ja, wannan karon a wani wuri dabam. Akwai ɗan mutum-mutumi da take tsayarwa a kan matakala don auna tsayin kai. Na tsayar da shi a taki na sha bakwai, kansa ya shige cikin dekin har wuya. Ɗari da sittin da biyar ne tsakani, ana bukatar ɗari biyu. Na rage faɗi, na ƙara kwana, na juya hawan dama ya koma hagu, kan nan dai yana cikin kankare.

Sai an fasa dekin, mita ɗaya da wani abu.

Na zauna ina kallon ɗan mutumin. Ba shi da fuska, ba shi da sanda, ƙafafunsa biyu daidai suke. Na tsane shi.

Asabar, 22 ga Maris, da la'asar

Oga Linus ya karanta takardar, ya ninke ta, ya sake buɗewa.

"A cire katakon da aka buga kwana huɗu, a fasa dekin, a sake ɗaura rodi. Haka kika ce?"

Na ce haka.

"Ada, tun kina goye nake gini a garin nan. Ban taɓa zuba taki goma ba, ko a makarantar yara. Ƙafar nan ba jiranki take yi ba. Kina auna ta yau, kafin ki gama zane ta wuce. Bar ashirin da takwas ɗin, saura kwana biyu mu zuba, ni da Somadina mu kama shi dama da hagu."

Na yi masa ihu. Na ce idan ya tsaya a taki na uku ya kasa, a gaban leburori, a gaban Dede, shi zai ɗauki wannan kunyar? Na faɗi wasu maganganun da bai kamata a faɗa wa sa'an uba ba. Bai rama ba. Ya sa takardar a aljihu ya ce, "Don shi zan yi."

Talata, 25 ga Maris, tsakar rana

Guduma tun safe. Ƙura ta rufe ganyen ugu. Papa ya ce, "Me ake rushewa a gidan da ba a shiga ba?" Na ce ana buɗe masa hanya ne. Ya ce to.

Ya sha koko cokali huɗu.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Ruwan farko ya sauka jiya, motar yashi ta kafe a hanya, an rasa kwana guda.

Da safe ya ce, "Yau babu jarrabawa?" Na ce an yi hutu. Na kwashe katakan nan na tura su ƙarƙashin gadona. Ba zan sake aunawa ba. Idan uku ce, ba na son sani, domin babu sauran falon da zan ci, babu sauran dekin da zan fasa.

Tsoro nake ji. Tun ranar da na dawo garin nan tsoro nake ji, kuma idan ina gaban kwamfuta ne kaɗai yake sakina. Lamba tana yin abin da na ce mata.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

An zuba. Mata suna ta ɗebo ruwa, leburori suna ta hawa da kwanon kankare a ka, Oga Linus yana ta caccaka da rodi. Papa yana kwance a ɗaki yana jin ƙarar injin kwaɓi. Ya ce in buɗe masa taga.

Dede Okwudili ya zo ya tsaya a ƙofar falo da hannu a baya. Ya kalli yadda abin ya bi bango ya lanƙwaso har tsakiyar ɗaki. Na shirya masa amsa, amma bai ce komai a kan wannan ba. Ya tsiyaya bammi kaɗan a gindin takin farko.

Da zai tafi ya ce mini, "Ya fi nawa tsayi. Tun bara na sa aka auna mini da gora. Kada ki gaya masa."

Na gaya masa. Ya yi dariya ba sauti, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Sati guda. Laraba mai zuwa.

Asabar, 5 ga Afrilu, da safe

Bai tashi tsaye ba yau. Gajiya ce. Na yi wa kankaren ban ruwa safe da yamma.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

"Ada, ya bushe?"

Na ce saura kwana biyu.

Somadina ya dawo jiya. Ba mu yi faɗa ba, babu mai ƙarfin yi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana yi mini alama da ido, na gane nufinsa. Na durƙusa a gaban gado na ce, "Papa, bari a ɗauke ka yau. Mu biyu kawai, babu lebura, babu igiya. Somadina zai goya ka a tsani. Za mu rufe get, babu wanda zai gani."

Ya buɗe ido ya dube ni.

"Ba kwana biyu kika ce ba?"

Na ce e.

"To."

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Oga Linus ya cire takalmi ya taka takin farko, ya taka na biyu, ya buga da dunduniya. Ya ce ya yi.

Na shiga na faɗa wa Papa a kunne. Sau uku na faɗa.

Somadina ya tafi coci ɗauko Fada.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ƙarfe shida da minti goma na safe.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Mazan dangi sun zauna a gindin mangwaro tun bayan coci. An tsayar da Juma'ar da ke bayan Ista don binne shi. Kafin nan yana Awka, a ɗakin ajiye gawa mai sanyi. Shi da ba ya kwana sai da bargo.

Suka tashi gaba ɗaya suka shiga sabon falo. Dede ya auna da ƙafa daga bakin matakala zuwa bango, taku biyar. Ya sake aunawa. Gadon da za a shimfiɗe shi a kai a yi masa ban kwana zai shiga, amma babu ta inda mutum zai zagaya, kuma maza shida ba za su iya juyawa da abin da za su ɗauko ba. Wani ya ce a yi a waje, a kafa rumfa.

Dede ya ce, "Ɗan haya ake shimfiɗewa a rumfa. Ƙanena ya gina gida. A falonsa zai karɓi mutane."

Babu wanda ya kalle ni, kuma wannan ya fi mini ciwo. An yanke a fasa taki sha bakwai ɗin ƙasa. Na saman za su tsaya a rataye, a jingina musu tsani.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Na riga masu aiki zuwa. Na hau matakalar sau ɗaya. Ba a iya hawanta da tafiyar lafiyayye, ƙafa tana neman tudu ta rasa, sau biyu ina tuntuɓe. Sai da na riƙa ajiye ƙafa biyu a kowane taki sannan ta hawu. A haka kuwa babu wahala ko kaɗan, ko numfashi ba ya sauyawa. Lissafina daidai ne. Ban fita baranda ba, na juyo.

Na tarar da Oga Linus zaune a takin ƙasa, babbar guduma a tsakanin ƙafafunsa. Na ba shi haƙuri a kan maganganun ranar nan, ya ce ya manta. Na zauna kusa da shi, sai na ji bakina yana tambayar abin da ban yi niyya ba.

"Da mun zuba taka, da ya hau?"

Ya juya gudumar a ƙasa. "Ranar akuya? Da ya hau ya sauko."

Na ce to me ya sa bai zuba ba? Ya ga ina ɓata lokaci, ya fi ni shekaru, ya fi ni sanin aiki, me ya hana shi ya share ni?

"Na so yi," in ji shi. "Ranar Litinin ɗin da kika ce gobe, kin tafi sayen magani, na shiga wurinsa. Na ce, mai gida, ba ni izini in buga ashirin yau, yarinyar nan ba za ta saki takardar ba. Na gaya masa gaskiya, har da abin da ke ba kya son ji."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya sani. Ya ce, 'Na riga na ɓata mata zane sau ɗaya a bayan idonta, ba zan sake ba. A jira Ada. Abin da ta zana shi zan taka.'"

Leburori biyu suka shigo suka tsaya a bakin ƙofa suna jira. Oga Linus ya miƙe ya tofa yawu a tafin hannu, ya tambaye ni ta ina za a fara.

Na ce ta ƙasa. Sannan na tashi na ba shi wuri.